Ya Yaba Ni Da Turanci, Danginsa Sun Ce Asiri Na Yi Masa

Assalamu alaikum Anti. Ni budurwa ce mai shekara 24, a Zariya nake. Akwai wanda zan aura, har an kawo kuɗin gaisuwa, ana jiran ya dawo daga Ingila inda yake digiri na biyu a sa rana. Ranar zagayowar haihuwata ya ɗora hotona a status ɗinsa na WhatsApp, ya rubuta a ƙasa: "Enchanted by this one since the day we met." Ƙanwarsa ta kwafi rubutun ta zuba a manhajar fassara ta waya, ta fito mata da cewa wai an sihirce shi tun ranar da muka haɗu. Ta kai wa Hajiyarsu. Dama Hajiya 'yar ƙanwarta take so ya aura. Yanzu magana ta zaga dangi cewa da bakinsa ya faɗa, shanye shi na yi. Wallahi Anti ko hanyar gidan boka ban sani ba. Da na gaya masa dariya ya yi, ya ce in rabu da su, Turanci ne ba su ji ba. Wata ƙawata ta ce in je in dafa Alƙur'ani a gaban Hajiya, wata kuma ta ce ta san malamin da zai yi min aikin rufe baki. Ni kaina kalmar ta fara tsaya min a rai. Don Allah me take nufi, kuma yaya zan yi?

'Yarki daga Zariya

Wa alaikumus salam 'yata. Kwantar da hankalinki, ba zarginki ya yi ba. Abin da ya rubuta, in da Hausa ya faɗa, shi ne: wannan ta tafi da hankalina tun ranar da na fara ganinta. Iyakarsa ke nan. Duk Baturen da ya karanta wannan layin murmushi zai yi ya ce yaro ya faɗa tarkon so, ba zai taɓa kawo boka a ransa ba.

Amma manhajar ma ba ƙarya ta ƙaga ba, kuma gara ki san wannan kafin wani ya buɗe miki ƙamus a gaban mutane ki rasa ta cewa. Kalmar tana da ma'ana biyu, tsohuwa da wadda ake yayi. Asalinta daga Latin ne, tsohon harshen Rumawa, daga "incantare", wato a rera wasu kalmomi a kan mutum ko a kan wani abu, abin da mu za mu kira surkulle. A cikinta akwai "cantare", rera waƙa. Daga Latin ta shiga Faransanci, daga can ta tsallaka Ingila, domin bayan Normawa, mutanen arewacin Faransa, sun ci ƙasar da yaƙi a 1066 Faransanci ya daɗe yana zama harshen fada da na shari'a, ya zuba wa Turanci dubban kalmomi. A wancan zamanin in an ce an yi wa mutum "enchantment", to sihiri ake nufi, ba wasa. Har doka suka yi a kai: a 1563, zamanin Sarauniya Elizabeth ta Farko, majalisarsu ta kafa dokar hana tsafi da maita, kuma wannan kalmar tana cikin sunan dokar. Sai a 1735 suka juya, suka ce daga yanzu wanda ya yi iƙirarin yana da irin wannan iko maƙaryaci ne mai damfarar mutane, a kan damfarar za a hukunta shi. Da tsoron abin ya fita daga zukatansu, sai kalmar ta rage a bakinsu a matsayin ado. Yau in ba a tatsuniyar yara ba, inda za ki ji dajin da aka sihirce ko zoben da aka sihirce, kusan kullum nufinta shi ne abu ya burge mutum ƙwarai har ya shagala.

Kuma ba a soyayya kaɗai ake faɗinta ba. Mutum zai je yawon buɗe ido ya dawo ya ce garin ya yi "enchanting" ɗinsa. Tsohuwa za ta faɗi haka a kan jikanta da ya fara tafiya. A Amurka akwai jihar da ake kira New Mexico, a jikin lambar motocinsu an rubuta "Land of Enchantment", kuma ba wai suna tallar ƙasar matsafa ba ne, kyawun hamada da duwatsunsu suke yi wa kirari. In kuna da dangi a Maraɗi ko Damagaram waɗanda suka yi boko, ki tambaye su abin da mai jin Faransanci yake cewa in an gabatar masa da baƙo. "Enchanté" yake cewa yana miƙa hannu, ma'ana na ji daɗin saninka. Kalma ɗaya ce da wadda ta hana ki barci. Da fassarar ƙanwar mijinki za a bi, da duk ofisoshin Yamai an sihirce su kafin azahar.

Ba ita kaɗai ce ta yi wannan tafiyar ba. "Charm" daga "carmen" take, baitin waƙa a Latin, ita ma ta bi ta sihiri ta fito ta zama farin jini da iya shiga ran mutane. "Fascinate", wadda ɗalibi zai faɗa a kan darasin da ya ja hankalinsa, asalinta sihircewa ne. "Bewitch" kuwa "witch", wato mayya, ce zaune a cikinta, amma namiji zai faɗa wa matarsa ita a matsayin yabo. Wadda ta fi ba ni dariya ita ce "glamour", ƙyale-ƙyalen 'yan kwalliya: mutanen Sukotlan ne suka lanƙwasa kalmar "grammar", nahawu, domin a da talakansu yana ganin duk mai karatun littattafai ya san wani abu a ɓoye. Turanci dai in zai yi maganar so, rumbun kalmomin sihiri yake shiga ya ɗebo.

To me ya sa abin ya kama wuta a wurinmu? Domin Turancin Nijeriya bai saki tsohuwar ma'anar ba. A nan in jarida ta ce 'yan sanda sun kama ɓarayi da bindigogi da "charms", layu da guraye take nufi. In ɗan Legas ya ce mace ta yi "charming" ɗin wani, ba yabonta yake yi ba. Saurayinki ya rubuta Turancin inda yake zaune, aka karanta shi da kunnen inda ya baro. Manhaja kuwa ba ta ga hotonki ba, ba ta san ranar haihuwa ba ce, ta ɗauko ma'anar da ta fi kusa da hannunta ta miƙa.

Akwai hanya mai sauƙi ta rarrabe ma'anonin biyu, kuma ita ce hujjar da nake ganin za ta fi shiga kunnen Hajiya fiye da duk tarihin da na zayyano miki. Wa ya faɗi maganar? In wani ne daga gefe ya ce an yi wa wane abu, wannan zargi ne. In mutum ne ya faɗa a kan kansa, yana murna, har da hoto, wannan yabo ne. Ko a wurin waɗanda suka fi kowa yarda da mallaka, ai cewa suke yi wanda aka shanye bai san an shanye shi ba, shi ya sa ake nema masa magani a ɓoye. Ba a taɓa jin wanda aka yi wa asiri ya fito yana shela da kansa yana godiya ba.

Mu ma haka muke magana, mun saba ne kawai har ba ma ji. Saurayi yana cewa kin sace min zuciya, ba wanda ya kai ƙara ofishin 'yan sanda. Yana cewa kin kashe ni, ga shi zaune yana cin abinci. Larabci ma yana kiran murmushi mai kyau da "sahira". Kuma akwai hadisin Abdullahi ɗan Umar a cikin Bukhari, cewa wasu mutum biyu sun zo daga gabas suka yi jawabi, mutane suka yi mamakin iya maganarsu, sai Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce lalle daga cikin bayani akwai sihiri. Malamai ba su fahimci cewa mutanen nan bokaye ba ne. Magana ce mai jan zuciya aka kira da sunan abin da yake jan zuciya.

Ga wani abu kuma da ƙawayenki ba za su gaya miki ba. Kalmar tana da daɗi, amma ba ta da nauyi. Kalma ce ta littafi, mai ɗan ƙamshin tsufa, wadda ake faɗa a kan abin da ya burge ido da zuciya. Ba alkawari ba ce. Turawan ma suna da kishiyarta, "disenchanted", ga wanda ya dawo daga rakiyar abin da ya ruɗe shi a da. Don haka kada ki tsorata da ita, kada kuma ki ɗauke ta kamar an ɗaura aure. Abin da zai nuna miki matsayinki a wurinsa yana gaba, kuma shi ne ainihin abin da ya sa na zaɓi wasiƙarki.

Matsalarki ba ta Turanci ba ce, 'yata. Ke da kanki kin rubuta cewa dama Hajiya wata take so ya aura. Mai neman kuka ne aka jefa da kashin awaki. Da wannan kalmar ba ta zo ba, da wata rana turaren da kika aika masa ne zai zama hujja, ko yawan kiran da yake miki, ko kuɗin da aka ga ya turo. Uwar da ta saka rai a kan auren zumunci, ɗanta ya tsallake ya kawo bare, tana neman bayanin da ba zai ce mata ɗanta ne ya ƙi zaɓinta da hankalinsa ba. Asiri yana ba ta wannan sauƙin: laifin ya tashi daga kan ɗanta ya koma kan 'yar mutane. Ban ce ta kyauta ba. Jifan mutum da sihiri ba ƙaramin abu ba ne, domin sihiri yana cikin manyan zunubai bakwai masu halakarwa da hadisi ya lissafa, kuma Suratul Hujurati ta ce a bincika labari kafin a cutar da mutane cikin jahilci, ta kuma ce a nisanci yawan zato. Amma in kin gane inda ciwon yake, ba za ki ɓata ƙarfinki wajen wanke kalma ba.

Sannan ki duba hoton kansa. A gidaje da yawa, namiji ya ɗora hoton yarinyar da bai aura ba inda ƙannensa da kawunnansa za su gani, rashin kara ne. Uwar da ba ta iya kiran sunan ɗanta na fari saboda kunya, ta wayi gari ana nuna mata waya ɗan nata yana yi wa budurwa kirari a bainar jama'a. Ko ba a fassara mata komai ba za ta ce yaron nan ya canja, kuma daga "ya canja" zuwa "an canja shi" taku ɗaya ne. Ki roƙe shi ya bar ɗora ki har a ɗaura. Abin da zai faɗa miki ya faɗa miki ke kaɗai.

Dariyar da ya yi ita ce ba ta yi min ba. Shi yana can, sanyi kawai yake fama da shi, ke ce kike nan ana nuna ki da baki a gidan biki. "Rabu da su" magana ce ta wanda ba sunansa ake ɓatawa ba. Kuma cewa Turanci ne ba su ji ba, in ta koma kunnen Hajiya, ta zama raini a kan raini, kuma ke za a ɗora wa, a ce ke kika koya masa. Shi ya rubuta, uwarsa ce, danginsa ne, don haka gyaran nasa ne. Ki gaya masa haka a fili, ba da kuka ba, ba da fushi ba. Ki ce masa: maganar nan ta wuce wasa, mutuncina da na iyayena ne, ina so ka kira Hajiya da kanka.

Kira nake nufi, da murya, ba saƙo ba, ba kuma ta bakin ƙanwar ba. Ya fara da ba ta haƙuri a kan hoton, domin nan yana da abin ba da haƙuri. Sannan ya gaya mata abin da ya rubuta da Hausa, yadda na faɗa miki a sama. Sannan ya faɗi abin da ya fi wuya: cewa shi ya gan ki, shi ya bi ki, shi ya zaɓe ki da hankalinsa, kuma yana neman albarkarta. Kada ya tsaya koya mata Latin. In akwai baffa ko kawu a dangin da ya yi boko kuma Hajiya tana jin nauyinsa, ya sa shi a maganar, domin abin da ta ƙi ji daga bakin ɗa tana iya ji daga bakin ɗan'uwanta. Irin wannan dattijon ne kuma zai iya kiran ƙanwar ya ja mata kunne ba tare da an ce ke kika haɗa su ba.

Batun dafa Alƙur'ani, kada ki je. Ba don kina da abin ɓoyewa ba. Ba a kira ki ba, ba a tuhume ki a gabanki ba, ba alƙali ne ya nema ba. Budurwa ta ɗauki ƙafa ta je gidan surukai tana rantsuwa, ta mayar da tsegumi shari'a ke nan, ta kuma ba shi girman da bai da shi. Wanda ya riga ya yanke hukunci cewa zai yi ai mai asiri ba ta tsoron rantsuwa. Mafi muni, kin buɗe ƙofa: gobe in ya saya miki mota bai saya wa ƙanwarsa ba, za a sake miƙo miki Alƙur'ani, jibi ma haka.

Ita kuwa ƙawar da ta san malamin rufe baki, ki gode mata ki canja zance, kuma ki rage gaya mata sirrinki. Yau abin da ake faɗa a kanki ƙarya ne. Ranar da kika taka ƙofar mutumin nan ya zama gaskiya, kuma ƙawar da ta raka ki ita ce shaida. Irin waɗannan ba sa sallamar mai zuwa: an rufe bakin uwar miji, saura na ƙanwa, saura kishiyar da ba a ma yi ba, kuɗinki suna tafiya, imaninki yana bin su. In tsari kike nema, kina da shi a bakinki kyauta. Azkar ɗin safe da yamma, Ayatul Kursiyyu, Ƙulhuwallahu da Falaƙi da Nasi kafin barci, da addu'a a sujada cewa in alheri ne Allah ya tabbatar, in ba alheri ba ne ya musanya miki.

Ban ga inda kika ambaci iyayenki ba, kuma ina zargin ɓoye musu kike yi don kada su ce a fasa. Ki gaya wa mahaifiyarki yau. Zariya ba ta da girman da magana irin wannan za ta zaga dangi guda ba ta iso gidanku ba, kuma gara ta ji daga bakinki da ta ji a gidan suna. Ki nuna mata rubutun, ki gaya mata ma'anarsa. Tunda an karɓi kuɗin gaisuwa, maganar ta riga ta zama ta manya. Mahaifinki ko waliyyinki yana da damar aika wa waɗanda suka kawo kuɗin, cikin mutunci, ya tambaya ko suna nan a kan bakansu. Wannan tambayar ita kaɗai takan sa dattawan gida su tashi su kashe tsegumin mata, domin su ne za su ji kunya.

Ƙanwar mijin kuma kada ki tanka mata, kada ki mayar da habaici a status, domin duk abin da kika rubuta za a kwafa a kai. In kun haɗu ki gaishe ta yadda kika saba. Wataƙila da gangan ta yi, wataƙila da gaske ta tsorata wa yayanta, ke dai ba ki da hanyar sani, kuma in auren ya tabbata da ita za ki zauna shekaru. Gaisuwar da kike aika wa Hajiya a da, ta sallah ko ta rashin lafiya, kada ki yanke, kada kuma ki ƙara. In kin yanke a ce kin yi fushi da uwar miji tun ba a shiga ba. In kin ƙara, musamman abin ci, kin san abin da za a ce an zuba a ciki.

Daga nan sai ki zuba ido a kansa. In ya kira ta, ko da ba ta sauko a kiran farko ba, kin ga namijin da zai iya tsayawa tsakanin uwarsa da matarsa ba tare da ya wulaƙanta ɗaya ba, kuma irin wannan zargin yakan mutu in an ga zama lafiya. In kuwa ya ci gaba da cewa ki bari sai ya dawo, mako yana bin mako, ki sani haka zai yi ranar da kike cikin gidan, lokacin da fita ta fi wuya. Ki ba shi mako biyu. In sun cika bai kira ba, ki gaya wa mahaifiyarki wannan ma, ki bar manya su tambayi inda aka kwana kafin a yi zancen lefe.

Allah ya zaɓa miki mafi alheri. Ki rubuto min abin da Hajiya ta ce.

Antinku